Maƙerin da Ya Yi Shiru Ranar Shawara

Ka taɓa tambayar kanka me ya haɗa likita da zancen makaman nukiliya, shi da ba soja ba, ba ɗan siyasa ba? Ni tun da na gama karatun likita bara ake jefo mini tambayar nan, kuma ga misalin da nake bayarwa.

A wani gari an yi wani maƙeri da ya gaji maganin ƙuna tun kaka da kakanni, kamar yadda aka san maƙera da shi. In tafasasshen kunu ya zubo wa mace, wurinsa ake kai ta, ya yi tofi, ya shafa magani da gashin kaza, kafin mako fata ta fara tsirowa. Wata shekara manyan garin suka ji cewa mutanen ƙetaren kogi sun tara albarushi, sai su ma suka gina rumbu a tsakiyar gari, cikin ɗakunan ciyawa, suka cika shi fal da albarushi. Wai ba don a harba ba, don dai a ji tsoronsu. Ranar da ake shawarar, maƙerin yana zaune a wurin, kuma ba wanda ya kai shi sanin halin wuta. Da ya koma gida matarsa ta ce, "Haba maigida, kai da kake gyaran ɓarnar wuta, ko uffan ba ka ce musu ba?" Ya ce, "Ke dai, wannan ta manya ce. Ni nawa magani." Sai ya shiga daji ya ninka sassaƙe da saiwoyi, ya jera tukwane goma sha biyu a bayan maƙera, a ganinsa ya gama shiri.

Abokan gaba ba su taɓa zuwa ba. Wata azahar ce da bazara, wata tsohuwa ta ɗebo garwashi a kasko daga maƙwabta za ta hura murhu, iska ta ɗauke ƙwaya ɗaya ta jefa kan rumbun albarushin. Da hayaƙi ya lafa, tukwanen sun tarwatse, rijiya ta rufta. Waɗanda suka yi saura suka rarrafo ƙofar maƙerin, sun fi ɗari, har da matarsa. Ya miƙa hannu zai taɓa ta, sai ya ga nasa hannayen ma sun sale. Ya daɗe a duniya bayan haka, bai ƙara haɗa wa kowa magani ba.

To abin da likitoci ke ta faɗa ke nan game da bam ɗin nukiliya. In ya tashi, asibitin ma ya tafi, da jinin da aka adana, da ma'aikaciyar da za ta ɗaura maka ruwa. Ranar nan ba mu da abin da za mu yi wa kowa, shi ya sa muke magana yau. Don Allah, in ka ji ana kiran a kawar da makaman nan baki ɗaya, ka sa baki, ka kai zancen majalisarku, ka rubuta wa wakilin mazaɓarku. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.