Idon Baba na Dama

Baba na haki kamar zai shiɗe, likita kuwa sai yabon sabuwar na'urarsa yake.

"An daina matse yatsa, Hajiya," ya ce wa Inna, yana hura hanci. "Yanzu ta ido muke auna iskar jini."

Ya haska idon Baba na dama, ya duba, ya taɓe baki.

"Lafiyarsa ƙalau, raki ne kawai. Ku tafi gida, gado na marasa lafiya ne."

Baba ya sa yatsa ya ƙwaƙulo idon, ya dire shi kan tebur. Na roba ne.

"To ɗana, sallami wannan tunda shi ne mai lafiyar. Ni a ba ni gado."