Warin Jirgin Sukumaran

Mari na uku ne ya kai Velayudan ƙasa. Tsohon ya dafa katakon jirgin ruwan, ya tofar da jini da rabin haƙori.

"Shekara ashirin kana girki a jirgina, yau ne ka manta yadda ake kashe warin masai?" in ji Sukumaran, yana toshe hanci da gefen zaninsa. "Ba abin da ka iya sai cin shinkafa kamar gara."

Duk wanda ya yi aiki a jiragen ruwa masu saukar baƙi na garin Alappuzha ya san maganin. Tankin da bayan gida ke taruwa yana ƙarƙashin ɗakin baya. Ɗanyen kashin shanu ake damawa a zuba masa, ƙwayoyin da ke ciki su cinye ƙazantar, wari ya kwanta. Velayudan kuwa bilic ya juye, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyi, galan guda, ya kashe su kaf. Kwana huɗu ke nan ko hankaka ba ya sauka a rufin, baƙi kuwa tuni suka kama gabansu.

Amma ba wari kaɗai ke cin Sukumaran ba. Matarsa Sarasamma ta tsere ranar da ya karya mata hannu da gorar tuƙi, shi kuma ya rantse a bainar jama'a cewa in ya kama ta, a tafki za a tsinci gawarta. Kowa ya san zai aikata. Ba a taɓa ganin mugu irinsa ba. Ya ɓalle ƙofar gidan uwarta. Ya danna kan yayanta cikin ruwa har ya daina shure-shure, da ƙyar masunta suka ƙwace shi. Ya zuba 'yan daba a tashar mota da kowace gada da kowane mashigi, jiragen maƙwabta kuwa an bincike su har ƙarƙashin katifa.

"Da kai ma ka san inda take, da na yanka ka na ba kifi," in ji Sukumaran.

"Ni da ko gishiri nake mantawa, ranka ya daɗe?"

Amsar ta jawo masa shuri a haƙarƙari, har aka ji ƙas.

Sukumaran ɗan manyan gida ne, irin waɗanda tun kaka da kakanni ba su san wankin masai ba, aikin wasu ne. Duk da haka ya nufi bayan jirgin ya ga ɓarnar da idonsa. Taku uku ya yi, warin ya buge shi, ya juyo yana zagi.

"Kai jirgin ƙetaren tafki a zuƙe tankin. In ka dawo mini da warin nan, ka taho da itacen ƙona gawarka."

Tsohon ya ja jiki ya tayar da inji. 'Yan daban da ke gadin mashigi suka buɗe hanya tun daga nesa, kowa hanci a toshe.

"Baba, taka wuta mana, kifi na mutuwa," in ji ɗayansu, saura suka kwashe da dariya.

Awa biyu yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da haƙarƙarinsa. Da ya isa ƙetare, ya wuce wurin zuƙar bai ko kalle shi ba, ya ɗaure jirgin a gindin wata kwakwa kusa da titin mota. Ya lallaɓa zuwa ɗakin baya, ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Fito, Sarasamma, mun ƙetare. Ki yafe mini warin, 'yata."