Lalle a Ƙafar Sadiƙu

Shekara goma sha tara Babbar Ƙasa tana yaƙi a ƙetaren teku, amma jirginta na magani bai taɓa fashin sauka a asibitin unguwa ba. Sharaɗinta ɗaya: duk ɗa namijin da aka yi wa rigakafi, na'ura za ta ɗauki tafin ƙafarsa, ran da ya cika sha takwas a kira shi yaƙi.

Ana gobe rigakafi Ramlatu ta goya Sadiƙu zuwa gidan Gwaggo Tabawa mai ƙunshi, ta tarar ana musu.

"Mutanen Babbar Ƙasa sun kusa durƙushewa," in ji wata amarya, hannuwanta a naɗe. "Angona ya ji a rediyo."

"Ke da angon naki!" Gwaggo ta ce. "Mutanen da aka ƙone wa birni bakwai, washegari suka buɗe makarantu? Waɗannan ba sa gajiya."

Ramlatu ta gyaɗa kai. Ran da ta haifi Sadiƙu jininsu aka ƙara mata ta rayu, har yau tana sa musu albarka. Sai dai ungozoma ta raɗa mata cewa na'urar ba ta karanta ƙafar da ta sha lalle. Ta kwance goyo ta miƙa ƙafafun yaron.

"Namiji da lalle?" in ji Gwaggo. "Ubansa zai yi faɗa."

"Ya yi."

"'Yar nan, kina ganin yaƙin zai jira wannan jaririn?"

"Ni fa na yarda da su, Gwaggo. Kwaɓa lallen da kauri."