Shingen da Ya Binne Fure

Tunda gobe za ki kai wa mutanen ƙauyen nan tsarin da kuka rubuta a ofis, ɗan zauna in ba ki misali kafin ki tafi.

Can arewa, inda gonaki suke ƙarewa rairayi ya fara, akwai wani kwari tsakanin tuddai biyu. A nan kaɗai wani ɗan fure shuɗi yake fitowa, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Sai ruwan farko ya sauka yake leƙowa, ya yi kwana tara ko goma ya bushe, sai kuma baɗi. Wata tsohuwa mai ba da magani takan je bayan ya bushe ta tsinke kawunansa don masu jego, amma ba ta barin wurin sai ta karkaɗe irin a ƙasa. Masu raƙuma kuma ta nan suke ratsawa zuwa rijiya. Ana nan sai aka turo wani malamin daji, mutumin kirki mai son aikinsa. Ya durƙusa ya ƙirga, ya samu tushe saba'in da ɗaya, ya bincika bai ji akwai irinsa a wani wuri ba. Da ya ga sawun raƙuma ko'ina a kwarin, ga kuma tsohuwa da ƙwaryarta, sai hankalinsa ya tashi, don in furen ya ƙare, a hannunsa ya ƙare. Ya sa aka sari ƙaya aka kewaye kwarin da shinge mai kauri, ya karkatar da hanyar raƙuma, ya roƙi tsohuwa cikin ladabi ta daina zuwa. Ta ce masa furen ya saba da mutane da dabbobi, bai san shinge ba. Ya yi murmushi, ya ɗauka kukan rabuwa da sana'a take yi.

Da rani ya yi, rairayin da iska ta saba kwashewa ta wuce da shi sai ya samu ƙaya ya tsaya, ya yi ta taruwa har ya binne irin. Ƙarangiyar da raƙuma suke cinyewa tun tana ɗanya ta samu sarari ta mamaye gefe. Ashe kuma ramin sawun raƙumi shi ne yake riƙe ruwan farko kwana biyu, a cikinsa irin yake tsirowa. Damina ta farko malamin ya ƙirga ashirin. Ta biyu, huɗu. Ta uku ya yini yana rarrafe cikin shingensa bai ga ko ɗaya ba. Ya cire hula, ya je ya samu tsohuwa. Ba ta yi masa gori ba. Ta ɗauki sandarta ta kai shi bayan shingen, kan sabuwar hanyar raƙuma, ta nuna masa wani sawu. Furanni biyu ne a ciki, ɗaya ma an take masa ganye.

Ta ce, "Ɗana, waɗannan ne ba su samu gatanka ba."

Daga saba'in da ɗaya, abin da ya rage ke nan. Mutumin bai rasa kyakkyawar niyya ba, tambaya ce bai yi ba. In kin je gobe, ki bar takardar a jaka tukuna, ki fara jin yadda abin yake rayuwa kafin zuwanki. Hausawa sun ce, garin neman gira a rasa ido.