Tsohuwar da Ta Ƙi Wat Dubu Biyar

Kai da lambar jikin kwali ta tafi da hankalinka, gyara zama ka ji wannan.

An yi wata tsohuwa, matar wani mai gyaran rediyo, wadda ta shekara talatin tana miƙa wa mijinta dalma da sukundireba, har kunnenta ya san kukan na'ura mai lafiya da na mai ciwo. Da Allah Ya yi masa rasuwa, cikin abin da ya bari babu wanda ta fi ji da shi kamar sifiku biyu na katako da ya haɗa da hannunsa, sai kaset guda da ya aiko mata daga Kumasi shekarar da ya je ci-rani, zamanin da mutane ke ɗaukar muryarsu su aika gida maimakon wasiƙa. Duk Juma'a bayan la'asar takan saka kaset ɗin a rikoda ta ji shi yana gaishe ta. Ana nan, sai amfilifayar da ke tura sauti cikin sifikun ta mutu murus. Babban ɗanta, ɗan kasuwa mai son a san ya yi, ya dire mata wata sabuwa a tsakar gida, ƙatuwa mai fitilu ja da kore, an rubuta ƙarfinta, wat dubu biyar, ɓaro-ɓaro a kwalinta. Maƙwabta suka cika gidan ana ta sa albarka. Ita kuwa ta sa hannu ɗaya ta ɗaga abar, ta ji ta sakayau kamar ƙwaryar da ba komai. Ta juya bayan na'urar, ta ƙanƙance ido wurin da wayar wuta ta shiga, ta ga an rubuta duka-duka wutar wat talatin take ja. Ta ce, "Abin da ya ci talatin, ta ina zai yi aman dubu biyar? Wallahi ba za a jona wannan a sifikun Malam ba, ko da sama da ƙasa za su haɗe."

Ai kuwa gida ya ɗauka. Wasu suka ce butulci ne, wasu suka ce rikicin tsufa. Ɗan ya ce, "Haba Inna, a gaban mutane?" Maganar ta soke ta, don tana son ɗanta, amma ko gezau. Ta sha gani a teburin mijinta: raguwar amfilifaya in aka matsa mata sai ta yi ihu, muryarta kan tsage, wannan tsagewar ce ke ƙona siririyar wayar da ke cikin sifika. In sifikun Malam suka ƙone, wa zai sake haɗa mata irinsu? Washegari ta auna ɗakinta da ƙafa, taku goma sha biyu a tsaye, goma a kwance, kujerarta taku huɗu daga sifikun. Ba filin ƙwallo za ta cika ba. A bayan katakon kuma ga rubutun Malam da biro: wat arba'in, om takwas, wato ma'aunin da dole amfilifaya ta dace da shi. Ta tuna abin da yakan ce, a samo wadda ta ɗan ɗara sifikar ƙarfi, don jakin da kayansa ba su kai ƙarfinsa ba ba ya bukatar bulala. Ta yafa mayafi ta shiga kasuwa, shago bayan shago, tana ɗaga na'urori tana jinjinawa tana leƙa bayansu. Masu shaguna suna dariya suna cewa, "Hajiya, doya kika zo saye?" Ta ce musu, "Ku dai ci gaba da sayar wa makafi fitila." Can a wani lungu ta samu wata 'yar baƙa ta hannu, da rediyo a jikinta, ba kwalliya ba komai, nauyi kamar dutsen niƙa, wat hamsin kowane gefe, om takwas. Ita ta sa aka ɗauko mata.

Shi kuwa ɗan, cikin fushi ya kwashi tasa ya jona wa sababbin sifikunsa ranar sunan 'yarsa, ya murɗe ta har ƙarshe don unguwa ta shaida. Kafin a gama rabon waina sauti ya fara ƙiƙi-ƙaƙa, warin ƙonanniyar waya ya tashi, sifiku biyu suka dishe har abada. Ranar Juma'a ya shigo gaida uwarsa yana sunkuyar da kai. Kada ka ce ta raga masa. Ta ce, "Sannu da zuwa, mai dubu biyar." Sannan ta danna kaset, ta ɗan taɓa maɓallin ƙara, ko rubu'i bai kai ba. Sai ga gyaran muryar nan da Malam kan yi kafin ya yi magana, tas, har da numfashinsa, ya yi sallama, ya gaishe ta, ya ce, "Ina yaron nan nawa mai taurin kai? A ce masa ya riƙa jin maganar uwarsa." Ɗan nan, ƙaton mutum da gemunsa, sai da ya waiga ƙofa. Ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta yana share hawaye da hularsa, ya ce ta mayar da kaset ɗin baya ya sake ji.

To ka ji. Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.