Ruwan Kifin Inna Tabawa

Tun da teku ta mutu aka kafa doka: duk mai zaman kaɗaici a ba shi akwatin gilashi da kifin teku biyu, ya riƙe amana har ta farfaɗo. Inna Tabawa ta Gumel ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta karɓi nata.

Ranar Alhamis ta wayi gari kifi ɗaya ya mutu. Da hantsi Barira, ma'aikaciyar da ke zagayen duba kifi duk Alhamis, ta yi sallama, ta tsoma ma'auni a ruwan.

"Inna, gishiri ya yi yawa. Idan ruwan ya ragu, ya kike yi?"

"In dama wani da gishiri in ƙara mana. Ba ruwan teku ba ne?"

"Idan miya ta tsotse a kan wuta, gishiri kike ƙara mata?"

Rabon Tabawa da ɗora miya tun rasuwar mijinta Malam, shekara huɗu ke nan.

"Ruwa zalla, Inna, kaɗan-kaɗan. Idan wannan ma ya tafi za a ɗauke akwatin, a cire gidan nan daga zagayena."

Barira ta sa mataccen a kwalba, ta rubuta lamba.

"Ba za a binne shi ba, 'yar nan?"

"Ƙirga su ake yi."

Da ta fita, Tabawa ta ɗauko ludayi ta tsiyaya ruwa a hankali. Wanda ya rage ya lafe bayan dutse, inda ɗan'uwansa ke kwana.

"Fito ka ci," ta ce. "Ni ma na yi wannan jiran, ba a dawowa. Ka daure dai mu kai Alhamis."