Kofin da Aka Wanke

Gaban Kofur ya faɗi da ya ga kofin. Dogo, tsohon abokinsa na soja, ne ya kawo masa kofinsa na sansani kyauta, a wanke fes.

A sansaninsu na da, ba mai wanke kofinsa kafin fita sintiri. Cikin raha suke cewa dole mutum ya dawo da ransa ya wanke abinsa.

Kofur ya dubi yadda Dogo ya rame tun bayan sallamarsu. Ya cika kofin da shayi.

"Shanye, mutumina. Yau nan za ka kwana, gobe mu ga likita tare."

Dogo ya shanye, ya nufi famfo da kofin. Kofur ya riƙo shi.

"Bar shi da dattinsa."